Me ya sa kyarkecin katun ya fi Hitchcock tsinka mini zuciya?

"Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina jin masana harkar fim suna kambama tsofaffin finafinan Alfred Hitchcock, suna cewa babu wanda ya kai shi iya sa wa mai kallo faɗuwar gaba. Na nemi Rear Window da Psycho na kalla a waya, amma maganar gaskiya na farkon barci ya sace ni tun ba a yi nisa ba, na biyun kuma na riga na ji ƙarshensa a bakin mutane. Sai ga shi ranar Asabar na zauna da yarana muna kallon katun ɗin Puss in Boots: The Last Wish, ni da gemuna, duk lokacin da kyarkecin nan ya yi fito sai tsikar jikina ta tashi. Shin tsofaffin nan zuzuta su kawai ake yi, ko ni ne ban iya kallo ba? Kuma ya dace in ci gaba da barin yara suna kallon irin wannan katun?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce a dunƙule. Ta farko ita ce ko sunan da tsofaffin finafinan zullumi suka yi ya dace da abin da ke cikinsu, tunda katun ɗin yara ya yi maka abin da suka kasa, ta biyu kuma batun yaranka ne. Na shafe shekaru ina tace finafinai, wato yankawa da jera hotunansu da sautinsu, ina kuma koyar da matasa wannan sana'a, kuma finafinan da ka ambata suna cikin waɗanda nake yawan kunnawa a gaban ɗalibai, saboda haka daga teburin aikina zan ba ka amsa, tare da cewa ra'ayina ne, wani mai sana'ar yana iya saɓa mini. A ganina kyarkecin da ya tayar maka da tsikar jiki jikan waɗannan tsofaffin finafinai ne, da kayan aikinsu aka ƙera shi, kuma da dabararsu ta mutu da ba ka ji komai ba ranar Asabar ɗin nan.

Ba-zata daban, zullumi daban

Masu kallo da yawa suna zuba abubuwa biyu a kwando ɗaya, wato ba-zata da zullumi. Hitchcock, wanda aka haifa a Landan a 1899 ya mutu a 1980, ya raba su da wani misali a doguwar hirar da daraktan nan na Faransa François Truffaut ya yi da shi a 1962, wadda daga baya aka buga ta a littafi. Ya ce a ɗauka mutane biyu suna zaune suna hirar da ba ta da wani muhimmanci, sai kwatsam bam ya tashi daga ƙarƙashin teburinsu. Mai kallo zai zabura, amma zaburar ba za ta wuce daƙiƙa 15 ba. To a sake ɗaukar wannan fitowa, sai dai a fara nuna wa mai kallo lokacin da aka dasa bam ɗin, a sanar da shi cewa da ƙarfe ɗaya zai tashi, sannan a bar agogo a wurin yana nuna ɗaya saura kwata. Hirar nan da a da ba ta da ɗanɗano ta zama abin da ba a iya ɗauke kai daga gare shi, domin mai kallo ji yake kamar ya shiga cikin allon ya ce musu su tashi su gudu, kuma zai zauna cikin wannan hali har minti 15.

Wanda ya tashi yana jin tatsuniya a gaban kakarsa ba baƙon wannan dabara ba ne. Tun farkon labarin Ta-kitse an gaya mana cewa da kitse aka yi ta kuma zafi zai narkar da ita, saboda haka ranar da sarki ya yi tafiya kishiyoyi suka matsa mata sai ta yi aiki a gaban wuta, yaran da ke sauraro sun riga sun san abin da zai biyo baya, kuma wannan sanin ne yake sa su yi tsit. Mai ba da labari ya ba ka sirrin da wuri, sannan ya bar ka kana jira.

Da wannan ma'auni za ka ga cewa katun ɗin da ka kalla ya dasa nasa bam ɗin tun a mintocin farko. Jarumin muzuru ne ɗan takobi mai ji da kansa, irin abin nan da muke cewa mage mai rai tara, ya yi wasa da rayuka takwas, na takwas ɗin ya tafi ne sa'ad da wata ƙatuwar ƙararrawa ta faɗo masa, sai likita ya gaya masa cewa saura ɗaya tak. A katun na yau da kullum dutse yakan danne jarumi ya miƙe ya kakkaɓe jikinsa, shi ya sa babu mai yi masa fargaba. A nan kuwa an soke wannan rangwame a gaban idonka, kuma daga lokacin duk takobin da aka zare yana iya zama na ƙarshe.

Fiton da ya girmi iyayenmu

Batun fito kuma, wanda shi ne ya fi taɓa ka, yana da tsohon asali a silima. A 1931 daraktan nan Fritz Lang ya yi fim ɗinsa na farko mai sauti a Jamus, mai suna M, a kan wani mai kashe ƙananan yara wanda Peter Lorre ya fito a matsayinsa. A farkon fim ɗin wata yarinya tana wasa da ƙwallo a jikin wata sanarwar neman mai laifin, sai inuwar mutum mai hula ta faɗo a kan takardar. Ya saya mata balan-balan a wurin wani makaho, yana yin fito da wani kiɗa na Edvard Grieg ɗan ƙasar Norway. Ba a nuna kisan ba ko kaɗan. Abin da aka nuna shi ne uwa tana ƙwala wa 'yarta kira, da matakalar bene babu kowa, da farantin abinci a gaban kujerar da ba mai zama, sai ƙwallon ya gangaro daga cikin ciyayi, balan-balan kuma ya maƙale a wayar tangaraho. Daga nan duk inda aka ji wannan fito, mai kallo ya san wane ne ke kusa ko da kyamara ba ta nuna shi ba, kuma a ƙarshe makahon nan ne ya gane shi da kunne, aka shafa masa harafin M da alli a kafaɗar rigarsa.

Kusan haka Joel Crawford da ma'aikatan kamfanin DreamWorks suka yi a 2022, bayan shekara 91. A mashaya, muzurun yana shan madara shi kaɗai, sai aka ji fito, sai ga kyarkeci mai jan ido a gefensa da lauje biyu. Aka yi faɗa, a karon farko jini ya gangaro a goshin jarumin, gashin jikinsa ya miƙe, ya bar takobinsa ya tsere. Wannan fitowa guda ɗaya ta koya wa kunnenka cewa fito yana nufin mutuwa, kuma bayan ta ba a ƙara bukatar wani dogon bayani ba. Idan ka haɗa duk lokacin da kyarkecin ya bayyana a fim ɗin ba zai wuce 'yan mintoci ba, amma inuwarsa tana kan labarin daga farko har ƙarshe, kamar yadda ƙaton kifin nan mai cin mutane na fim ɗin Jaws na 1975 yake sanar da zuwansa da kiɗa tun ba a gan shi ba. Ina kuma zaton cewa mu da aka raine mu ana hana mu yin fito da dare, ana cewa yana kiran aljanu, wannan sauti ya tarar da wani tsohon tsoro a kwance a cikinmu.

Dalilin barcinka

Rear Window na 1954 fim ne da aka gina shi a kan leƙe. James Stewart ya fito a matsayin mai ɗaukar hoto da ya karye a ƙafa, yana zaune a keken guragu a ɗakinsa a New York, ba shi da abin yi sai kallon tagogin maƙwabta, har ya fara zargin cewa ɗaya daga cikinsu ya kashe matarsa. Kusan duk fim ɗin daga cikin wannan ɗaki aka ɗauke shi, abubuwan da ke ɗauke da labarin kuma suna can nesa a cikin ƙananan tagogi: mutum yana naɗe wuƙa da zarto a takarda, yana fita da akwati cikin ruwan sama da tsakar dare, kare yana tono a wurin da aka shuka furanni. An shirya waɗannan ne domin allon silima mai faɗin bango. A fuskar waya kowace taga ba ta fi ƙwayar wake ba, saboda haka rabin abin da ya kamata ya dame ka bai ma isa idonka ba. Wannan shi ne dalili na farko.

Na biyu shi ne cewa masu fim na wancan zamani sun saba kashe lokaci mai tsawo suna sa ka san mutanen kafin su jefa su cikin haɗari, domin ba a yi wa wanda ba a sani ba fargaba. Ribar wannan haƙuri tana zuwa ne sa'ad da budurwar jarumin, wato Grace Kelly, ta haura ta shiga ɗakin wanda ake zargi domin neman shaida. Muna ganinta a cikin ɗakin, muna kuma ganin mai ɗakin yana dawowa ta baranda, ita ba ta gan shi ba, shi kuma jarumin yana can da karyayyar ƙafa ba zai iya ko ɗaga murya ba. Halinsa da naka ɗaya ne a wannan lokaci, ku duka kuna gani kuma babu abin da za ku iya. Na kalli wannan fitowa ba adadi, na san yadda za ta ƙare, amma har yau nakan tarar na daina numfashi, kuma wannan ne bambancin zullumi da ba-zata: ba-zata sau ɗaya take ci, zullumi kuwa yana maimaituwa.

Idan za ka tambaye ni wanda ya fi kowanne a wannan fage, ba na Hitchcock zan zaɓa ba. Zan zaɓi Le Salaire de la peur na Henri-Georges Clouzot ɗan Faransa, wanda ya fito a 1953 ya kuma ci babbar kyauta a bikin finafinai na Cannes da na Balin. Maza huɗu ne da talauci ya ritsa da su a wani ƙauye a Kudancin Amurka, aka yi musu tayin dala 2,000 kowannensu su tuƙa manyan motoci biyu maƙare da wani ruwan sinadari mai fashewa da ɗan girgiza kaɗan, su bi ta munanan hanyoyin duwatsu zuwa wata rijiyar mai da ta kama da wuta. Kusan awa guda fim ɗin yake yi kafin motocin su tashi, kuma na san masu kallon da suka gaji suka kashe shi a nan. Waɗanda suka daure sukan ga wata fitowa da ban san kamarta ba: ɗaya daga cikin direbobin yana naɗa taba a takarda, sai kawai iska ta kwashe tabar daga hannunsa, haske ya walƙa, sannan aka hango hayaƙi ya turnuƙe can gaba, muka gane cewa motar abokansu ta tashi. Ba a nuna mana gawa ba, ba a buga kiɗa ba.

Inda kake da gaskiya

A kan Psycho kuwa ina tare da kai fiye da yadda kake zato. Fim ne na 1960 wanda ƙarfinsa mai yawa ya dogara da ba-zata, har Hitchcock ya sa gidajen silima su hana kowa shiga bayan an fara, domin fitacciyar jarumar, Janet Leigh, tana mutuwa tun ba a kai rabi ba. Wanda ya riga ya ji wannan, ya kuma ji sirrin uwar mai masaukin baƙin da jarumar ta sauka a ciki, an cinye masa rabin tuwon. Bayanin da likitan ƙwaƙwalwa yake zubawa a ƙarshe ma ya yi tsawo, kuma a ganina yana kashe wutar da aka hura. Fitowar da ta fi burge ni a ciki ba wadda ta yi suna ba ce. Ita ce inda mai masaukin ya tura motar matar cikin fadama domin ɓoye laifin, motar ta fara nutsewa sai ta tsaya cak, sai mai kallo ya kama kansa yana fatan ta ƙarasa nutsewa. A cikin 'yan daƙiƙoƙi an mayar da kai abokin mai ɓoye gawa ba tare da ka lura ba.

Tsofaffin finafinan suna da wasu nakasu da babu amfanin ɓoye su. Idan jarumi yana tuƙa mota, a fili ake ganin cewa hoton titi ne aka haska a bayansa. Salon maganar 'yan wasa yakan yi kama da na dandamali, kuma yadda ake nuna mata, da yadda baƙar fata ba ya fitowa sai jefi-jefi a ƙaramin matsayi, abubuwa ne da mai kallon yau ba zai rasa gani ba. Ko Vertigo na 1958, wanda a 2012 masu sharhin fim suka zaɓe shi a matsayin na ɗaya a ƙuri'ar mujallar Sight and Sound, ba na ba sabon shiga shawarar ya fara da shi, domin tafiyarsa a hankali take, kuma ya fi zama nazari a kan mutumin da son zuciya ya rufe wa ido.

Daga teburin tacewa

Akwai fim ɗin Hitchcock na 1941 mai suna Suspicion, inda mace take zargin mijinta yana shirin kashe ta, sai aka nuna shi yana hawa bene a cikin duhu da kofin madara a kan faranti. Hitchcock ya sa an saka fitila a cikin kofin domin ya yi fari fat, idon mai kallo ya kasa barinsa. Wannan ta faɗo mini a rai wata rana da aka kawo mini wani fim na Hausa in tace, wanda a ciki wata mata ta barbaɗa magani a kofin fura. Yadda aka tsara shi da farko, sai wanda ya sha ya faɗi sannan a koma baya a nuna abin da ta yi. Na dawo da hoton hannunta gaba, na bar kofin a kan tire a tsakiyar tabarma, sannan na ƙi rage ko kalma ɗaya daga doguwar gaisuwar nan tamu ta ina wuni, ina gajiya, yaya yara, yaya mutanen gida. Gaisuwar da a kullum muke datsewa don kada ta gundiri mai kallo, ita ce ta zama hirar da ake yi a kan bam, kuma da na nuna wa ɗalibaina nau'ukan biyu, a na biyun ne wani ya yi subul da baka ya ce kada ka sha. Inda aka kayar da ni shi ne wajen sauti, domin ni na so a bar wurin shiru sai ƙarar ludayi, daraktan kuwa ya dage sai an zuba kiɗa mai tsawa, kuma fim nasa ne. Har yau ina ganin wannan kiɗa ya gaya wa mai kallo abin da ya kamata a bar shi ya ji da kansa.

Batun yara

Katun ɗin yana da nasa rauni. Mutanen cikinsa sun yi yawa, tseren neman tauraruwar cika buri yakan janye hankali daga abin da ya fi nauyi, kuma da zarar kyarkecin ya faɗi ko shi wane ne, wato mutuwa da kanta, tsoronsa yana raguwa, faɗan ƙarshe kuma bai kai na mashayar ba. Duk da haka ina ganin ya yi abin da finafinan manya da yawa ba su yi ba, musamman inda tsoro ya ci ƙarfin muzurun ya ruga daji numfashinsa yana sarƙewa, ɗan karen nan abokinsa ya zo ya ɗora kansa a jikinsa bai ce uffan ba har ya samu natsuwa. Yaron da ya taɓa farkawa a firgice zai gane wannan.

A Amurka an sa fim ɗin a rukunin da ake so iyaye su duba kafin yara su kalla, kuma ina ganin an yi daidai. Ni mai tace fim ne, kai kuma ka fi kowa sanin 'ya'yanka, amma abin da na lura da shi a gidana shi ne yaron da bai kai shekara bakwai ba yakan ɗauki jan idon nan ya tafi da shi shimfiɗa, na sama da haka kuma yakan ji daɗin tsoron idan babba yana kusa. Ka zauna tare da su kamar yadda ka yi, da rana ya fi, sannan ka bayyana musu cewa rai tara da mutuwa a siffar kyarkeci ƙirƙirar masu labari ce, ba abin da muka yi imani da shi ba ne, domin yaro zai tambaya ko da bai furta ba.

Kai kuma, idan za ka sake gwada tsofaffin, ka fara da North by Northwest na 1959, wanda ya fi sauran sauri da raha. A cikinsa akwai inda aka ajiye Cary Grant a bakin hanya a tsakiyar fili fetal da rana tsaka, babu duhu babu lungu babu kiɗa, aka bar shi yana jira na tsawon mintoci, can nesa kuma wani ƙaramin jirgin feshin gona yana shawagi. Bayan shi ka koma wa Rear Window a talabijin, da dare, wayarka tana wani ɗaki. Ka lura da lokacin da Grace Kelly ta juya baya tana nuna wa saurayinta zoben da ta samo a yatsanta, mai ɗakin ya ga alamar, ya bi ta da ido a hankali ya ɗago kai ya kalli tagar da ake leƙensa, wato ya kalle ka.